Rawa Domin Kyamara: Ba da Aikin Gajerun Finafinan Rawa da Hanyoyin Nuna Su

1.0 Gabatarwa

A cikin fasahohin da ɗan Adam ya mallaka babu wadda ta kai rawa saurin ɓacewa. Masassaƙi yakan mutu ya bar turminsa, marubuci ya bar littafinsa, mawaƙi ma akan sami wanda ya haddace baitocinsa. Amma ita rawa, da zarar makaɗi ya rataye gangarsa, 'yan kallo suka watse, to ba abin da zai rage sai sawun ƙafa a ƙasa da ɗan abin da zuciya ta riƙe. Turawa sun yi ƙoƙarin ƙaga wa rawa rubutu, irin wanda Rudolf Laban ya fitar a 1928, amma har yanzu 'yan ƙalilan ne suke iya karanta shi. Saboda haka da kyamara ta samu, sai aka zaci an sami rumbun da za a zuba rawa a ajiye.

Sai dai kyamara ba ta tsaya a matsayin rumbu ba. Sannu a hankali aka gane cewa abin da take gani ya bambanta da abin da idon ɗan kallo yake gani, har wannan bambanci ya haifar da wani nau'in fasaha mai zaman kansa, watau gajeren fim na rawa wanda tun daga tushe domin kyamara aka tsara shi. Irin wannan fim bai cika wuce minti 15 ba, galibi ba magana a cikinsa, kuma mutum biyu ne suke ɗauke da shi: mai tsara rawa da darakta.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ake ba da aikin waɗannan finafinai da yadda ake kai su gaban jama'a. Abin da muke nufi da ba da aiki shi ne wata hukuma, ko gidan talabijin, ko masu shirya biki, su ware kuɗi, su gindaya sharuɗɗa, su zaɓi waɗanda za su yi fim ɗin da bai wanzu ba tukuna. Ra'ayin da za mu kare shi ne, siffar fim ɗin rawa ba daga basirar mai tsara rawa da darakta kaɗai take fitowa ba. Wanda ya biya kuɗi, da allon da za a nuna fim ɗin a kansa, su ma da hannunsu a cikin tsarin rawar, ko da yake ba su yi ko taku ɗaya ba. Babban misalinmu daga Birtaniya za mu ɗauko shi, domin a can an yi shekaru ana ba da irin wannan aiki bisa tsari. Daga ƙarshe za mu waiwayo gida, mu ga abin da ya shafe mu a matsayinmu na malamai.

2.0 Hanyoyin da Rawa ke Shiga Fim

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku waɗanda akan cakuɗa. Na farko shi ne adanawa, watau a kafa kyamara a gaban dandamali ko a bakin fili a ɗauki rawar da aka riga aka tsara domin 'yan kallo. Na biyu shi ne rawar da ke cikin fim mai labari, kamar yadda muka saba gani a finafinan Indiya da namu na Hausa, inda rawa take rakiyar waƙa, waƙa kuma take rakiyar labari. Na uku, wanda shi ne abin nazarinmu, shi ne fim ɗin da rawar cikinsa ba ta da wani mazauni sai allo. In an ce 'yan rawar su maimaita ta a dandamali ba za ta yiwu ba, domin rabin aikin kyamara ce ta yi shi.

To, me kyamara take canzawa? Abubuwa huɗu za mu ambata.

(a) Zaɓin ido. Ɗan kallon da ke bakin fili shi yake zaɓar inda zai kai idonsa, ko ƙafar wannan, ko fuskar wancan, ko ma makaɗi. A fim an riga an zaɓar masa. Abin da kyamara ta bari a waje, tamkar ba a yi shi ba ne.

(b) Fili. Filin da kyamara take gani matsattse ne a kusa da ita, yana ƙara buɗewa yayin da aka yi nisa, kamar mazurari. Saboda haka taku ɗaya a kusa da kyamara ya isa ya fitar da mutum daga hoto, alhali wanda ke can nesa sai ya yi taku goma ba a ga ya gusa sosai ba. Wanda ya saba jera 'yan rawa a dandamali tilas ya sake koyon jeri.

(c) Lokaci. Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. In an ɗauka da hoto 48 a daƙiƙa, aka nuna da 24, sai saurin motsi ya ragu da rabi, tsallen da ido ba ya iya bi sai a gan shi daki-daki. Haka kuma wajen yanka da haɗawa, watau aikin da 'yan fim suke kira editin, ana iya maimaita motsi, ko a juya shi baya, ko a datse shi a tsakiya.

(d) Wuri. Mutum yana iya ɗaga ƙafa a wuri ɗaya, ya sauke ta a wani wuri mai nisan tafiyar kwana. Motsin jikinsa shi ne zaren da ya ɗinke wuraren biyu.

Akwai kuma hasara. Kyamara takan rage wa rawa nauyi da ƙarfi. Girgizar ƙasa a ƙarƙashin diddige, da zufa, da hakin ɗan rawa, da fargabar ko zai faɗi, duk waɗannan ba su cika ƙetarawa zuwa allo ba. Wannan ne ya sa wasu gwanaye suka ƙi yarda a daddatsa musu rawa. Fred Astaire, shahararren ɗan rawan finafinan Amurka tun shekarun 1930, ya nace a riƙa ɗaukarsa tun daga kai har ƙafa, a kuma rage yanka gwargwadon iko. Wannan gardama tsakanin masu son a ga jiki ɗungum da masu son kyamara ta shiga cikin rawar har yau ba ta mutu ba, za mu kuma sake cin karo da ita a gaba.

3.0 Waiwaye

Rawa tana cikin abubuwan farko da aka ɗauka a fim. A 1894 da 1895 kamfanin Edison a Amurka ya ɗauki wata 'yar rawa mai suna Annabelle tana kaɗa yalwataccen tufafinta, har aka bi wasu kofe hoto-hoto aka shafa musu launi da hannu. Amma wannan adanawa ce. Wadda galibin manazarta suke ɗauka ta buɗe ƙofa ita ce Maya Deren, da fim ɗinta na 1945 mai suna A Study in Choreography for Camera, wanda ta yi tare da ɗan rawa Talley Beatty. Fim ne marar sauti, bai kai minti 5 ba. A cikinsa Beatty ya miƙa ƙafa a daji, ya sauke ta a cikin ɗaki, daga nan sai ga shi a zauren gidan kayan tarihi. Tsallensa na ƙarshe kuwa daga gutsattsarin ɗauka da dama aka haɗa shi, har ya daɗe a sama fiye da yadda jikin mutum zai iya.

A 1968 Norman McLaren na Hukumar Finafinai ta Kanada ya fitar da Pas de deux, inda ya ninka hoton 'yan rawa biyu sau da yawa a kan baƙin fage, kowane motsi yana barin sawunsa a iska. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma Merce Cunningham ya shiga tsara rawa domin bidiyo da fim tare da Charles Atlas. A 1986 ya yi Points in Space domin BBC tare da Elliot Caplan, sa'an nan daga baya aka ɗauko rawar daga allo aka kai ta dandamali, watau aka juya tsarin da aka saba.

Abin lura a nan shi ne, Deren da guminta ta yi nata, McLaren kuwa ma'aikacin hukuma ne mai albashi da kayan aiki. Yawancin masu tsara rawa ba su da halin bin ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu. Fim abu ne mai tsada, gajeren fim na rawa kuma ba shi da kasuwa, domin babu gidan sinimar da zai sayar da tikiti a kan kallon minti 5. In ba a sami wanda zai biya tun kafin a fara ba, to ba za a yi ba. Nan ne muhimmancin mai ba da aiki ya fito.

4.0 Ba da Aiki: Misalin Birtaniya

4.1 Tsarin

A watan Nuwamba na 1982 aka buɗe tashar Channel 4 a Birtaniya. Tsarinta a lokacin shi ne ta ba kamfanoni masu zaman kansu aikin shirye-shirye maimakon ta yi da kanta, doka kuma ta ɗora mata gwada sababbin abubuwa da kula da masu kallon da sauran tashoshi ba su kula da su ba. A cikin shekarun 1980 ta ba rawa gurbi mai kyau, har ta gwada haɗa masu tsara rawa da ma'aikatan talabijin a wuri guda domin kowa ya koyi harshen ɗan'uwansa.

Amma shirin da ya fi barin suna shi ne Dance for the Camera, ma'ana rawa domin kyamara, wanda BBC da Hukumar Raya Fasaha ta Ingila suka haɗa gwiwa suka ɗauki nauyinsa daga shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000. Bob Lockyer ne ya riƙe shi ta wajen BBC, Rodney Wilson kuma ta wajen Hukumar. Kowane ɓangare da abin da ya kawo. Hukumar tana da kuɗin tallafi da sanin duniyar 'yan rawa. BBC kuwa tana da ƙwarewar talabijin, da abin da ya fi kome daraja, watau lokacin nunawa a tashar BBC2. Siffofin da suka bambanta shirin guda uku ne. Ta ɗaya, kowane fim haɗin gwiwa ne tsakanin mai tsara rawa da darakta. Ta biyu, sabon aiki ake so wanda aka tsara domin allo, ba tsohuwar rawar dandamali ba. Ta uku ita ce gajarta, domin yawancin finafinan suna tsakanin minti 5 da minti 15.

4.2 Abin da Sharuɗɗan Suka Haifar

Akwatin talabijin na wancan zamani ƙarami ne, allonsa kusan murabba'i. In an ɗauki mutum goma daga nesa sai su koma kamar tururuwa. Mai kallo kuma a ɗakinsa yake zaune, ba tikiti ya saya ba, in ya gaji sai ya canza tasha. Waɗannan abubuwa biyu, tare da ƙarancin lokaci, suka tura masu aikin ga hanya ɗaya: a ɗauki tunani guda, a kusanto da shi, a gama kafin ido ya gaji. Ga misalai biyar.

A Touched na 1994, wanda David Hinton ya yi tare da Wendy Houstoun, wata mashaya ce mai cunkoso, hoton baƙi da fari ne, kyamara kuma tana manne da fuskoki da hannuwa. Kallon gefen ido, da dafa kafaɗa, da juya wuya, su ne rawar. Da a dandamali ne, wanda ke layin baya ba zai ga kome ba. Hands na 1995, aikin Jonathan Burrows da Adam Roberts, ya ma fi wannan matsewa: kyamara ta matso ta tsaya a kan hannuwa biyu bisa cinyar wani mutum da ke zaune, kusan minti 5 ba abin da ake kallo sai su.

Outside In na 1994 aikin Victoria Marks ne da darakta Margaret Williams, tare da ƙungiyar CandoCo, wadda aka kafa a 1991 domin masu naƙasa da marasa naƙasa su yi rawa tare. A dandamali idon ɗan kallo yakan fara faɗawa kan keken guragu kafin ya ga mai keken. Kyamara kuwa tana iya saukowa daidai fuskar mutum, sai a fara ganin murmushinsa da wasansa kafin a lura da abin da yake zaune a kai. Shi kuma boy na 1995, wanda Rosemary Lee da Peter Anderson suka yi, ƙaramin yaro ne shi kaɗai a tudun rairayi na gaɓar tekun Norfolk, yana gudu, yana tsalle, yana birgima cikin duniyar da ya ƙaga wa kansa.

Na biyar shi ne wanda ya ta da ƙura. A shekara ta 2000 David Hinton ya fitar da Birds, wanda babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Tsofaffin hotunan tsuntsaye ya tattaro, ya yanka, ya jera, ya maimaita, har motsinsu ya zama tsararriyar rawa. Fim ɗin ya ci babbar lambar yabo a gasar finafinan rawa ta Dance Screen a shekarar, wasu kuwa suka ce ina rawa a wurin da babu ɗan rawa? Masu goyon bayansa suka ce tsara rawa shi ne tsara motsi a cikin lokaci, wannan kuwa an yi shi, sai dai a ɗakin editin aka yi.

In mun haɗa misalan nan za mu ga cewa sharuɗɗan ba su taƙaita masu aikin kawai ba. Sun faɗaɗa ma'anar ɗan rawa har ta haɗa da yaro da mai keken guragu, sun kuma faɗaɗa ma'anar rawa har ta haɗa da motsin yatsa. Da an ba da lokacin awa guda da izinin ɗauko aikin dandamali, da wuya a sami ko ɗaya daga cikin finafinan nan biyar.

4.3 Matakan Aiki da Wuraren Saɓani

A galibin irin waɗannan shirye-shirye, ko'ina ake yin su, matakan kusan ɗaya ne. Mai ba da aiki yakan yi sanarwa tare da sharuɗɗa. Masu nema su aiko da bayanin tunaninsu a rubuce, da samfurin ayyukansu na baya, da kasafin kuɗi. Kwamiti ya tantance. Wani lokaci akan ba waɗanda suka tsallake ɗan kuɗi kaɗan su je su gwada tunanin da ƙaramar kyamara kafin a yanke hukuncin ƙarshe. Sa'an nan a sa hannu a yarjejeniya, a yi gwaji, a ɗauka, a haɗa, a miƙa. A takarda abin kamar da sauƙi, amma akwai wurare uku da igiya takan tsinke.

Na farko shi ne lokaci. Rawa tana nuna ne a hankali, cikin makonni na gwaji, inda ake gina motsi a rushe a sake. Ma'aikatan fim da kayansu kuwa kuɗin yini ake biya, saboda haka ɗauka ba ta wuce 'yan kwanaki. In darakta bai halarci gwaji da kyamara a hannu ba, ranar ɗauka zai zo baƙo, a ɓata rabin yini ana gardamar inda za a tsaya. Mai ba da aikin da ya san abin da yake yi, yakan ware kuɗin gwaji daban, ya kuma wajabta wa darakta halarta.

Na biyu shi ne jikin ɗan rawa. Kafin ya yi tsalle sai ya ɗumama jiki. In aka bar shi awa biyu yana jiran a gyara fitila, jikin ya huce, sa'an nan aka ce ya maimaita tsalle ɗaya sau da yawa a kan siminti ko dutse, to an kira targaɗe da karaya. Daɓen katako mai ɗan lanƙwasa, da wurin ɗumi, da inshora, ba kayan ado ba ne a cikin kasafi.

Na uku, wanda ya fi duka zafi, shi ne ɗakin editin. A nan ne gardamar da muka ambata a baya take dawowa. Mai tsara rawa ya san cewa wannan juyi daga wancan taku ya fito, in an yanke tsakaninsu ma'ana ta zube. Darakta kuma yana ganin hoton ya yi sanyi, yana bukatar yanka. Wa ke da maganar ƙarshe? In yarjejeniya ba ta faɗa ba, mai riƙe da na'ura shi zai yi rinjaye, mai tsara rawa ya koma ɗan kallo a cikin aikinsa. Dalilin da ya sa ke nan sharaɗin haɗin gwiwa tun daga takardar nema yake da muhimmanci: yana ba mutanen biyu matsayi ɗaya tun kafin kuɗi su shigo.

4.4 Haƙƙin Mallaka

Fim ɗaya na rawa yana ɗauke da haƙƙoƙi da dama: na wanda ya tsara rawar, na darakta ko kamfaninsa, na mai kiɗa, na 'yan rawa, da na wanda ya biya. In gidan talabijin ya riƙe haƙƙin nunawa na shekaru, ya nuna sau ɗaya ya ajiye, to fim ɗin ya shiga kurkuku, masu shi ba su da ikon kai shi makaranta ko biki sai da izini. Wata matsalar kuma ita ce, rawar da ta hau allo kowa yana iya kwaikwayonta. Anne Teresa De Keersmaeker ta ƙasar Beljiyam ta tsara Rosas danst Rosas domin dandamali a 1983, Thierry De Mey ya mai da ita fim a 1997. A 2011 aka ga motsi da sutura masu kama da nata ƙwarai a bidiyon waƙar Countdown ta Beyoncé, ita kuwa ta fito fili ta ce an ɗauki aikinta ba izini. A 2013 sai ta ɓullo ta wata hanya: ta koyar da wani sashe na rawar a intanet, ta gayyaci kowa ya yi nasa ya aiko. Darasin shi ne, bayarwa da yardar mai abu daban, ɗauka a bayan idonsa daban, yarjejeniya kuma ita ce take tsare wannan iyaka.

5.0 Nunawa

Fim ɗin da ba a gani ba, da shi da babu duk ɗaya. Hanyoyin nunawa manya guda uku ne, kowace kuma da irin ɗan kallonta.

Ta farko talabijin. Babbar fa'idarta ita ce ɗan kallon katsaham, watau mutumin da bai taɓa shiga gidan rawa ba, ya kunna akwati don wani abu dabam, sai ya ci karo da yaron nan na tudun rairayi. Aibinta kuwa, sau ɗaya ake nunawa, sau da yawa da dare ya yi nisa, kuma ran da shugabannin tasha suka canza ra'ayi gurbin ya tafi. Haka ta faru a Birtaniya: bayan farkon shekarun 2000 tsayayyen gurbin gajerun finafinan rawa ya ragu ƙwarai. A 2011 Channel 4 ta fito da Random Acts, jerin finafinan fasaha na kimanin minti 3, rawa tana ɗaya daga cikin abubuwan da yake ɗauka.

Ta biyu biki. Mafi daɗewa shi ne Dance on Camera na birnin Niyok a Amurka, wanda aka fara a 1971. Akwai Dance Screen da muka ambata, na wata cibiya mai mazauni a Biyana ta ƙasar Ostiriya, da Cinedans na Amsterdam a ƙasar Holan, wanda aka fara a 2003. A biki akan sami babban allo, da duhu, da natsuwa, da damar yi wa masu fim tambayoyi. A nan hoton nesa yana da kyau, jiki ɗungum yana samun wurinsa. Mai jera finafinan biki shi ma tsari yake yi, domin gajerun finafinai takwas ko goma a zama ɗaya suna shafar juna: mai sanyi in ya biyo bayan mai zafi yana iya mutuwa ba laifinsa. Rauninta shi ne, 'yan kallon yawanci 'yan gida ne, masu rawa da masu fim suna kallon junansu.

Ta uku intanet. Tun da aka buɗe YouTube a 2005 ba mai bukatar izinin wata tasha kafin ya nuna aikinsa. Amma allon ya koma tafin hannu, sau da yawa a tsaye maimakon a kwance, ɗan kallo kuma da yatsa ɗaya yake wucewa. Wannan ma ya shiga cikin tsarin rawa: mutum ɗaya a tsakiyar hoto, motsi mai kama ido tun daƙiƙar farko. A 2020, lokacin kullen annobar korona, BBC da Hukumar Raya Fasaha ta Ingila sun sake haɗa gwiwa suka ba da aikin gajerun finafinai. A cikinsu akwai Swan Lake Bath Ballet na Corey Baker, inda 'yan rawar bale 27 daga ƙasashe dabam-dabam suka yi rawa a bahon wanka na gidajensu, shi kuma yana ba su umarni daga nesa ta intanet. Sharaɗin zaman gida shi ya haifi fim ɗin.

6.0 Abin da ya Shafe Mu

Raye-rayenmu na gargajiya sun daɗe suna shiga kyamara, amma kusan duka ta hanya ta farko, watau adanawa, ita ma ba tare da nazari ba. Mu ɗauki rawar takai, wadda a da'ira ake yin ta, kowane ɗan rawa yana juyawa ya haɗa sanda da na gabansa, ya sake juyawa ya haɗa da na bayansa. Da'ira ba ta da gaba ko baya, 'yan kallo kewaye ta suke yi. Kyamara kuwa gaba ɗaya take da shi. Abin da yakan faru shi ne a buɗe da'irar, a jera mutane a layi su fuskanci kyamara, domin mai ɗauka ya huta. Yaran da za su koyi rawar daga wannan hoto, layi za su koya. Ke nan rumbun da muka zaci yana ajiye rawa, shi ne yake sake mata kama ba da sanin masu ita ba. Maganin kuwa shi ne sharaɗin nan na farko: kada a ɗauki rawa sai wanda ya san ta yana da murya daidai da mai kyamara, tun daga shiri har ɗakin editin.

Mun ɗan gwada wannan da ɗalibanmu a kwaleji. Muka ce su ɗauki rawar koroso da wayar hannu, minti ɗaya, kada kyamara ta wuce gwiwa. Da farko sun yi ƙorafin an ɗaure su. Amma da suka rasa fuska da sutura, sai suka fara sauraron kacau-kacau ɗin da ke ƙafa, suka koma wurin mai koyar da rawar suna tambayarsa wane taku ne yake ɗauke da kiɗan. Tambayar da ba su taɓa yi ba ke nan a duk tsawon zangon karatu.

Akwai kuma batun mutunci da al'ada, wanda ba za mu kau da kai daga gare shi ba. Rawa a fim abu ne da aka daɗe ana gardama a kansa a ƙasar Hausa, Jihar Kano ma tana da Hukumar Tace Finafinai tun 2001. Amma misalan da muka kawo sun nuna cewa fim ɗin rawa bai dogara ga cakuɗa maza da mata ko girgiza jiki ba. Luguden mata a bakin turmi, inda ake cilla taɓarya a tafa a cafe, da takun ɗan dambe kafin ya kai naushi, da hannun marini a bakin karofi, duk tsararren motsi ne mai kari. In hannuwa biyu bisa cinya sun isa fim, to ba mu rasa kayan aiki ba.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun rarrabe adana rawa da tsara ta domin kyamara, mun bi tsarin ba da aiki na Birtaniya, mun ga yadda tsawon lokaci da girman allo da sharaɗin haɗin gwiwa suka fitar da finafinai masu siffa ta musamman, mun kuma auna talabijin da biki da intanet. Shawarwarinmu ga kwalejojinmu da hukumomin raya al'adu na jihohi guda huɗu ne. A riƙa ba da ƙananan ayyuka masu bayyanannun sharuɗɗa maimakon jiran babban kuɗi. A wajabta haɗin gwiwar mai tsara rawa da mai ɗauka tun daga takardar nema. A rubuta haƙƙin kowa, har da na makaɗa da na garin da rawar ta fito. A kuma tsai da wuri da ranar nunawa tun kafin a ba da ko kwabo. Muna fatan masana da ke wannan zaure za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma ɗora daga inda muka tsaya.